Sawun da Ya Taka Fata

Ranar Juma'a ce, tsakiyar bazara, shekara guda bayan samun mulkin kai. Dawowata daga masallaci ke nan, ko hula ban cire ba, sai ga Maccido, mai gadin wani kamfanin fatu da ke bayan Ƙofar Kware, ya faɗo caji ofis yana haki, wai an kashe injin Bature. Haka ya ce, an kashe. Ni ne Kofur Aƙilu na 'yan doka, kuma ni Sufeto ya ga dama ya tura, don ya san ba abin da na ƙi jini a duniya irin warin fata.

Injin nan duk Sakkwato an san labarinsa. Wani ɗan ƙarfe ne da bai fi akwatin amarya girma ba, aikinsa huda kati. Masu zaɓen fata na kamfanin, waɗanda ke duba fatar jar akuya su ware ta ɗaya da ta biyu da ta uku, kowa an ba shi lamba. In mutum ya ɗaure dami sai ya dangwala yatsa a 'yar takarda mai lambarsa. Akawu ya ɗauki takardar ya huda lambar a kati, a aika katunan Ikko, inda aka ce akwai uwar injin, wadda ke haɗiye su ta faɗi wanda damunansa suka fi lalacewa. Ba ta taɓa ganin akuya ba, amma ita ke cewa wane ya iya aiki, wane bai iya ba. A wata shida ta kori mutum biyar, na ƙarshensu Mode, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana zaɓen fata.

Na tarar da ofishin kaca-kaca. An ɗauki dutsen sikeli an rotse injin, haƙoransa sun watse a ƙasa. Akwatin takardun dami kuwa an kai shi ramin siminti da ake tsoma fatu a ruwan maganin ƙwari, an juye shi ciki, takardun sun zama kunu. A bakin ƙofar ofis ta baya ga takalman faɗe tsofaffi, an ajiye su a jere.

"Na Mode ne," in ji Malam Ashafa, akawun da ke aiki da injin. Saurayi ne gajere mai sheƙi, da farar riga da takalmin sau-ciki da safa a wannan zafin. "Kowa ya san su. Kuma kowa ya ji shi ranar Talata, da aka ba shi takardar sallama, yana rantsuwa sai ya ga bayan ƙarfen nan."

Leburori suka yi ta gyaɗa kai. Mutanen da Mode ya koya wa riƙon fata, waɗanda suka ci goronsa shekara da shekaru, su ne har da mai cewa ai dama tsohon akwai baƙar zuciya. Tsoro ne, na sani, kowa na gudun kada lambarsa ta biyo baya. Duk da haka sai da na ji kamar in tofar da yawu.

Kafin la'asar an kawo Mode. Dogo ne siriri, hannuwansa sun yi baƙi sun tattare. Na tambaye shi ko ya faɗi maganar.

"Na hwaɗi, Kohur, ban musu ba. Amma baki yah hwaɗi, hannu bai yi ba."

"Ina ka yi Juma'a? An ce ba a gan ka a sahunku ba."

Ya sunkuyar da kai.

Manajan kamfanin, Baturen da ake kira Mai Lofe, ya shekara ashirin a Arewa, yana jin Hausa sarai. Ya cire lofen daga baki ya ce a kai shi gaban alƙali gobe-goben nan. Na san abin da ke jiran tsohon in aka yi haka: shekara biyu a gidan yari, da sunan ɓarna da zai bi 'ya'yansa.

* * *

Takalman ne suka tsaya mini a rai. Wanda ya zo fasa ofis, ya tsaya ya tuɓe takalmi a jere kamar mai shiga gaisuwa? Sai na aika kara, kasuwar shanu, a kira mini Siddiƙu.

Siddiƙu Bafillace ne, ɗan tsurut, ya haura sittin. Fatake da mahauta shi suke nema in an kore musu shanu, ya bi sawu kwana uku har ya tsaya a ƙofar gidan ɓarawo. Ba ya son gari, ba ya son ofis, ni ma ba don yana sona yake amsa kirana ba. Ya iso da sandarsa, ya dubi taron da ya tattake gaban ofis, ya ja tsaki.

"Kohur, kun kira ni in bi sawu ko in ƙirga jakkai?"

Sa'armu ɗaya, filin baya ba a tattake shi ba. Fili ne na rairayi tsakanin ofis da ramin magani, taki arba'in, an shanya fatun da aka tsoma da safe layi-layi, da 'yar siririyar hanya a tsakani. Siddiƙu ya hana kowa matsowa. Ya fara daga rumfar ma'aikata, ya bi sawun faɗen har ƙofar ofis, ya tsuguna ya daɗe. Daga nan ya bi wani sawun, na ƙafa ba takalmi, zuwa ramin. A hanyar dawowa sai na ga ya bar 'yar hanyar, yana ɗaga fatu ɗaya bayan ɗaya yana karkata su wajen rana. Bakwai ya ware ya ce in kulle su a sito.

Malam Ashafa ya matso ya ce ai ta katanga tsohon ya hauro. Siddiƙu ya zagaya katangar ciki da waje, ya dawo.

"Ƙadangaru sun hau, Malam. Mutum bai hau ba."

Na ja shi gefe na ce me ya gani. Ya ce ya ga abin da ya gani, ni in je in yi nawa aikin na surutu.

* * *

Na fara da Iyatu mai fura, wadda ke zama a babbar ƙofa tun kafin a ɗauke ni aiki. Ita ba ta zuwa masallaci, saboda haka tana nan lokacin da kamfanin ya watse.

"Ko kaza ba ta shiga ta nan ba, ɗana. Sai dai ƙaramar ƙohwa ta baya, ita ko makullinta ukku na: na Bature, na akawu, na Maccido."

Na yi murna na ce na kama bakin zaren, don Maccido ma an rage masa matsayi tun zuwan injin. Na tsare shi da tambaya har ya fara kuka. Ashe makullin na rataye a wuyansa ya yi salla, a sahu na uku, tsakanin mutum biyu da suka rantse mini da Alƙur'ani. Awa guda na ɓata a kansa, na kuma ci mutuncin bawan Allah a banza.

Na koma wajen Iyatu na sha fura don haushi. Na ce mata takalman Mode fa?

Ta yi dariya. "Kai dai ba ka san aikin ga ba. Wa ka shiga masallaci da takalmin aikin hwata? Dut nan suka barin su cikin rumhwa, su sa na gida. Nashi tun Talata suna nan, bai ɗauka ba."

Ta rage murya, ko da yake ba kowa kusa. Ta ce in ina son abin mamaki in je in kalli Jinaidu yana zaɓe. Wan matar akawu ne, atamfa yake sayarwa a kasuwa har kasuwar ta ƙi shi, bara aka sa shi cikin masu zaɓe. Mutum biyar injin ya kora, duk sun fi shi, shi kuwa ko sau ɗaya sunansa bai fito ba.

Na je na kalla. Ni da ban san komai a fata ba, na ga yadda yake juya ta kamar mai neman aljihun riga. Siddiƙu na tsaye bayana. Ya zaro ɗaya daga tarin ta ɗaya, ya nuna mini inda wuƙar mahauci ta ci ta har haske na wucewa, ya mayar.

Da na sami Mai Lofe na tambaye shi amfanin takardun da aka jiƙa. Ya ce ba su da wani amfani, sai dai ranar Litinin wani mai duba aiki zai iso daga Ikko. Wai duk da an kori mutum biyar, fatun da masu saye ke mayarwa don lalacewa ba su ragu ba, har ƙaruwa suka yi, shi ne za a gwada katunan da takardun dami a ga ko sun dace. Na ce wa ya san da zuwansa? Ya ce shi da akawunsa, wanda ya buɗe wasiƙar. Ya faɗi haka yana kallona, ko gezau, bai ji abin da bakinsa ya faɗa ba.

Kafin magariba na biya gidan Mode a Ƙofar Dundaye. Matarsa Bara'atu ta yi mini magana daga bayan zaure. Ba ta ma san an sallame shi ba sai yau. Kwana uku yana fita da sassafe kamar kullum, ya dawo da yamma.

"Yau ya ce mini masallacin Shehu za shi, ba na Bello ba inda sunka saba. Na ce lahiya? Yac ce shina son shi biya Hubbare. Ashe kunya ta, Kohur. Ba shi son haɗa ido da abokan aiki."

Na koma caji ofis na gaya wa Mode abin da ta ce. Ya rufe fuska da hannu. Bai damu da gidan yari kamar yadda ya damu da cewa ta ji a bakin mutane ba.

* * *

Siddiƙu ya ce a tara kowa gobe, amma ba da safe ba, sai rana ta take tsaka. Sufeto ya yi gunaguni ya yarda.

Asabar da azahar muka taru a inuwar ofis: Mai Lofe a kujera, Malam Ashafa a gefensa da littafi, Jinaidu, Maccido, leburori goma sha biyu, da Mode a hannuna. Rana irin ta Sakkwato, wadda ko kare ba ya yarda ya tsallaka titi. An shanya sababbin fatu kamar kullum.

"Kowa shi tuɓe takalmi," in ji Siddiƙu. "Ku tai ramin can ku komo, ɗaya-ɗaya. Ba gudu."

Mode ya fara. Ya bi 'yar hanyar tsakanin fatu, tafin ƙafarsa shimfiɗe a rairayi, ya je ya dawo kamar mai yawo a kan tabarma. Leburori suka bi, haka. Maccido haka. Jinaidu ya ɗan yi sauri yana yatsine fuska, amma ya kai.

Siddiƙu ya juya. "Saura Malam."

"Ni?" Malam Ashafa ya yi dariya ya dubi manaja. "Yallaɓai, ni akawu ne. Wannan wasan ƙauye ne."

Mai Lofe ya fara cewa ba sai an kai ga haka ba. Na ce masa, ranka ya daɗe, ko dai kowa ya taka ko in rubuta cewa kamfani ya hana bincike. Ya ɗaga kafaɗa.

Malam Ashafa ya daɗe yana kwance igiyar takalmi. Da ya zare safa sai na ga ƙafar, fara sol, yatsun a matse wuri guda, ga tsumma ya naɗe a tafin hagu. Ya ce ƙaya ce ta soke shi. Ya sa ƙafa a rairayi. Taki biyar ya yi a mutunce. A na shida ya ɗage dunduniya, a na goma ya fara tsalle kamar ɗan akuya, kafin ya kai rabi ya daka tsalle ya dire kan fata, ya tsaya a kai yana ɗaga ƙafa ɗaya yana hura iska.

Leburorin nan gaba ɗaya suka yi "Kai!" Ba don sun gane ba tukuna. Ganin mutum tsaye kan fata ne ya fizgo kalmar daga bakinsu.

"To kun ji," in ji Siddiƙu. Ya sa aka fito da fatu bakwai na jiya, ya shimfiɗa su gaban Bature. A kan kowacce, cikin farin garin maganin da ya bushe, ga shatin rabin ƙafa: yatsu a matse, ba dunduniya.

"Wanga sawu ya tai rami da kaya bisa kai, shina bin hanya, shina ɗage-ɗage. Da yaz zubar da kaya, ƙasa ta ci ƙahwatai, sai yab bi ta bisa hwatu, tsalle bakwai. Bature, mutanen ga shekara talatin da wani abu sunka yi suna taka rairayin ga, ƙahwassu ta zama ƙirgi, ba su jin shi. Kuma ko wuta aka hurawa ƙasa, mai aikin hwata ba shi taka hwata. Tun suna yara aka bugunsu a kai. Sawun hwaɗen ma na duba. Mode dogo na, takinai ya hi wannan da tsawon hannu. Wanda yas sa su gajere na, kuma shina jan su, don ba su zauna mai ba."

Ya nuna Malam Ashafa da sanda, wanda har yanzu yana tsaye kan fatar. "Ku kwance tsumman ga. In ƙaya ta, ku yanke mini hannu."

Ni na kwance. Bororon ƙunar rairayi ne, ya fashe, maganin ya shiga ya ci naman ya yi ja.

Bai yi wata gardama ba. Zama ya yi a inuwa ya fara kuka, kukan ma na tausayin kansa. Wai matarsa ce ta matsa masa a kan wanta. Wai da farko dami biyu kawai ya ɗauke daga lambar Jinaidu ya huda a lambar wani, ya ga ba wanda ya lura, ai injin ba ya tambaya. Da aka kori na farko sai ya koma kan na biyu. Ya faɗi sunayen mutum biyar ɗin a jere, ba tuntuɓe, kamar mai karanta jerin kaya. Jinaidu kuwa sai rantse-rantse yake shi bai san komai ba, kuma na yarda da shi, don bai san komai ba a kan komai.

Leburorin da suka ce Mode na da baƙar zuciya jiya, su ne suka rufe shi da barka. Na cire masa ankwa, na ji wuyana ya yi sauƙi. Na ɗauka magana ta ƙare.

* * *

Da yamma Mai Lofe ya je ya ga Sufeto, suka rufe ƙofa. Da suka fito aka ce mini kamfani ya janye ƙara. Dalili kuwa, an kai Malam Ashafa Ikko wata huɗu ya koyi injin, duk lardin ba wani wanda ya iya, ga sabon inji an ce a turo. In aka ɗaure shi wa zai huda kati? An dai ja masa kunne. Jinaidu aka mayar da shi sito.

Na ce to mutum biyar da aka kora fa? Mai Lofe ya ce shi ma abin ya dame shi ƙwarai. Sai dai sunayen daga Ikko suka fito, uwar injin ta riga ta cire lambobinsu, kuma takardun da za su nuna an yi musu ƙarya su ne suka narke a rami. Maganar akawu da baki ba ta shiga kati. Na ce ga fatu bakwai, ga ƙafarsa, ga mutum ashirin da suka ji. Ya ce, "Kofur, Ikko ba ta karanta sawu."

Siddiƙu ko tsayawa bai yi a sallame shi ba. Ya ce shi ɓarayin shanu ya saba da su, waɗanda in an kama su suna jin kunya. Ya saɓa sandarsa ya koma kara.

Bayan mako uku na koma kamfanin in karɓi sa hannun manaja a takardar rufe magana. Sabon injin ya iso, ya fi na da sheƙi. Malam Ashafa na zaune gabansa da sababbin safa. A bakin ƙofa kuwa ga Mode tsaye. Mai Lofe ya yi masa alfarma, wai, ya ɗauke shi lebura mai ɗaukar dami, tunda wannan gurbin ba sai an tambayi Ikko ba. Yana da baki tara a gida, ya karɓa. Sai dai kowane sabon ma'aikaci sai an huda masa kati.

Malam Ashafa ya zura katin bai ɗago kai ba.

"Suna?"

"Mode."

Ƙarfen ya yi ƙas, ƙas.

"Unguwa?"

"Ƙohwar Dundaye."

"Ka taɓa aikin fata? Akwai gurbin, dole a cika. E ko a'a."

Har na taka zan shiga tsakani. Mode ya ɗaga mini hannu. Ya dubi yaron nan ya daɗe, sannan ya ce, a hankali, ba fushi a muryarsa:

"Huda abin da kag ga dama, Malam. Ai ka saba."

Ya juya ya nufi sito, ya durƙusa aka ɗora masa dami a ka. Ni kuwa na fito ban karɓi sa hannun ba, kuma har na bar aikin ɗan doka ban sake bin ta wannan titin ba.